Kafin Ka Kira Dillali



Yau maganar gida za mu yi, gidan da mai shi ya yanke shawarar rabuwa da shi. Na san magana ce mai nauyi. A wurinmu ba a canza gida don an ga sabon yayi, kamar yadda ake canza waya ko babur. Sai da dalili: ko rabon gado, ko bashi ya taso, ko jinya ta ci ƙarfin aljihu, ko iyali sun yi yawa wuri ya yi kaɗan, ko aiki ya mayar da mutum wani gari. Shi ya sa da yawa daga cikinmu suke yin abin a ɓoye, cikin gaggawa, kamar wanda ya aikata abin kunya. A raɗa wa dillali a kunne bayan sallar isha'i, gobe da hantsi ya kwaso mutane, su tarar da gida yadda ya kwana, su taya abin da suka ga dama. Mai gida ya ce albarka, ya koma ɗaki ransa a ɓace, yana cewa an raina masa dukiya. To, gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Mai kai rago kasuwa ana jibi sallah ma yakan wanke shi, ya cika masa ciki da dusa da harawa, balle gidan da mutum ya kwashe shekaru yana ɗora bulo a kan bulo.

Amma akwai gyara, akwai rufa-rufa, kuma tsakaninsu ne sharhinmu na yau zai tsaya.

Wata bazara na raka wani ƙanena ganin gida a wajen Ɗorayi. Ya daɗe yana tari, yana zaman haya da mata da 'ya'ya huɗu, Allah ya kawo lokacin da zai mallaki nasa. Muka tafi da wani dattijon birkila da ya yi wa mahaifinmu aiki shekara da shekaru. Tun daga bakin layi gidan yake ɗaukar ido: fenti sabo fil, ruwan madara a sama, ruwan ƙasa a ƙasa, ƙofar ƙarfe sai sheƙi take yi. Ƙanena ya fara murmushi tun kafin mu yi sallama. Dillali yana gaba yana ta zuba, ga falo, ga ɗakuna, ga rijiya, ga wurin ajiye mota. Shi kuwa dattijon nan bai ce uffan ba. Ya ciro mukulli daga aljihu, ya durƙusa, ya riƙa ƙwanƙwasa bango daga ƙasa, kamar taƙi biyu daga daɓe. Wani wurin ƙarar ta fito da ƙarfi, wani wurin kuma sai ka ji kamar an buga ƙwarya. Ya danna babban yatsansa, filasta ta burma, danshi ya bayyana a ƙarƙashi, alhali an yi wata shida ko ɗigon ruwa bai sauko ba. Ya ɗaga kai ya nuna mana silin falle biyu sababbi a kusurwa ɗaya, sauran duk tsofaffi ne da aka shafe da fenti. Ya fita tsakar gida, ya ɗauki buta ya tsiyaye ruwanta a ƙasa, muka tsaya muna kallo. Ruwan bai nufi rariya ba, ƙofar ɗaki ya nufa. Sai ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya dubi ƙanena ya ce, "Ɗana, mu tafi. Wannan fentin an yi shi ne don a rufe wa bangon baki."

Abin da ya tsaya mini a rai tun ranar shi ne lissafin mai gidan nan. Kuɗin da ya zuba a fenti da sun isa a ɗaga daɓen tsakar gida, a karkatar da ruwa zuwa rariya, a canza kwanon da ke yoyo. Da ya yi haka, ko bai shafa fenti ko kaɗan ba, da ƙanena ya zauna an yi ciniki. Sai ya zaɓi ya ruɗi ido, ya yi asarar kuɗin fenti, ya yi asarar mai saye, ya kuma jawo wa gidansa suna, domin labarin gida mai danshi ba ya kwana a bakin mutum ɗaya.

Mai sauraro, ka sa kanka a matsayin mai saye. Mutumin nan wataƙila tarin shekara goma sha biyar zai miƙa maka a rana ɗaya, wataƙila ma har da gonar gado da sarƙar matarsa aka haɗa. Abin da yake nema da kuɗinsa kwanciyar hankali ne. Yana tsoron kada wata rana wani ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da sammaci ya ce gidan nasa ne. Yana tsoron kada ya wayi gari ya ga an shafa masa jan fentin rusau a katanga. Yana tsoron abin da watan Agusta zai tona. Duk mai gidan da ya kawar masa da wannan fargaba ya gama rabin ciniki kafin a ambaci kuɗi.

Saboda haka shirin sayar da gida daga jakar takardu yake farawa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Ko da kana da satifiket ɗin nan da ake kira Si-of-O, abin da ke hannunka izinin zama ne da amfani, yawanci na shekara 99, kuma sashe na 22 na dokar ya ce ba a mayar da wannan haƙƙi ga wani sai da yardar gwamna. Mai sayen da ya san abin da yake yi ba zai tsaya a kan takardar da ka nuna masa ba. Zai tura lauyansa ofishin filaye, KANGIS a nan Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a buɗe fayil a ga sunan wa ke ciki, a ga ko an jinginar da gidan a banki, a ga ko akwai bashin harajin ƙasa da ya taru. To me zai hana ka riga shi zuwa? Sau da yawa mutum yana zaune a gida shekara ashirin, amma sunan da ke cikin fayil na wanda ya sayar wa wanda ya sayar masa ne, kuma mai sunan ya daɗe da rasuwa. Irin wannan ba a warware shi a mako guda. Idan sai mai saye ya zo da kuɗi a hannu sannan aka gano, zai jira kwana biyu, ya ga wani gidan, ya wuce.

Na san mafi yawan gidajenmu na bayan gari awon igiya ne, ba su taɓa ganin satifiket ba. Wannan ba aibi ba ne da za a ɓoye, kowa ya san yadda unguwanninmu suka tashi. Amma shi ma awon igiya yana da nasa tsari. Ka nemo takardar cinikin da aka rubuta ranar da ka saya, da ta wanda ya sayar maka idan tana nan, har a kai ga mai gonar da aka yanka. Ka duba sa hannun mai unguwa ko dagaci, ka tuna su wane ne shaidu, wa ke raye, wa ya riga mu gidan gaskiya. Ka je ka gai da mai unguwa da ƙafarka, ka sanar da shi niyyarka, domin wurinsa mai saye zai fara zuwa. Sannan ka fito ka dubi iyakokinka da idon gaskiya. Katangar da ke tsakaninka da maƙwabci, ta wa ce, taka ko tasa ko ta haɗin gwiwa? Shagon da ka fitar a gaban gida, da sokawen da ka haƙa a waje, a cikin filinka suke ko a hanyar jama'a? Tun rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, masu saye suka ƙara buɗe ido. Yanzu ana tambayar takardar izinin gini ta hukumar KNUPDA, ana ɗaga kai a duba ko babbar wayar lantarki ta bi ta saman gida, ana tambayar ko hanyar ruwa ce aka cike. Ka tanadi amsar kowace tambaya, da takarda idan akwai.

Gidan gado kuwa, a nan ne ake zubar da hawaye, kuma ina roƙon masu sauraro su ba ni aron kunnuwansu sosai. Mahaifi ya rasu, babban wa ya ga shi ne uba yanzu, ya kira dillali ya sa gida a kasuwa. Bai tuntuɓi ƙanwarsa da ke aure a Maraɗi ba, wai ai mace ce, duk abin da aka yi daidai ne. Bai zauna da matar uba ba, alhali tana da haƙƙinta a cikin tumunin da Allah ya yanka wa matan mamaci mai 'ya'ya. Akwai marayun ɗan'uwansu da ya rasu bayan mahaifin, waɗanda rabon ubansu ya gangaro kansu, ba wanda ya tuna da su. A karɓi kafin alƙalami, a kashe, sannan magana ta tashi. Daga nan sai kotu, sai gaba tsakanin 'yan ɗaki ɗaya, sai ka ga gida ya zama kango, awaki na kwana a ciki, ga rubutu ɓaro-ɓaro a jikin katanga cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Duk wanda ya zaga lungunan garin nan ya ga irin wannan rubutu, kuma kowane ɗaya akwai zumuncin da ya tsinke a bayansa.

Shari'a ba ta bar wannan wuri a buɗe ba. A mazhabarmu ta Malikiyya akwai haƙƙin shufa'a: idan mutane sun yi tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe rabon. Ka ga ke nan mai saye zai iya biyan kuɗinsa lakadan, daga baya a ce ya karɓi abinsa ya fita. Masu saye sun san haka, shi ya sa da zarar an ce gidan gado ne sai ka ga mutum ya ja da baya, ko ya karya tayi. Maganin abin a hannun magada yake. A tara kowa, mace da namiji, a je gaban alƙali ko malamin da ya san ilmin rabon gado, a fitar da rabon kowa a rubuce. A fara yi wa 'yan gida tayi, ko akwai mai iya saye ya biya sauran. Idan babu, kowa ya sa hannu cewa ya yarda a sayar. Wadda ke nesa ta wakilta wani a rubuce, da shaidu. Rabon yara ƙanana kuwa a bi ta hannun kotu, kada wani ya yi gaban kansa da dukiyar maraya. Ranar da mai saye ya zo aka shimfiɗa masa wannan takarda, ya ga sunaye a jere da sa hannu a gaban kowane suna, wallahi ta fi masa tayil ɗin Italiya kyau.

Idan takardu sun kammala, sai a juyo kan ginin, kuma a fara da ruwa, domin shi ne babban abokin gabar gini a ƙasar nan. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ka san kusurwar da ake tara roba idan hadari ya haɗo, ka san ɗakin da ake janye katifa daga jikin bango. Ka hau da kafinta a duba kwano, a canza wanda ya ci tsatsa, a buga ƙusar da ta ɗaga. Idan ginin ƙasa ne, a duba azara ko gara ta shige ta, a gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da gindin bango, a sake yaɓe inda damina ta zaizaye. A yashe kwatar ƙofar gida, a buɗe rariya, a kwashe sokawe idan ya cika. Farin gishirin nan da ke fitowa a ƙasan bango yana ɓarɓashi, alama ce ta danshi na tasowa daga ƙasa, kuma fenti ba ya kashe shi, sai an nemo inda ruwan yake kwanciya an kawar da shi, an kankare filastar da ta mutu an sake wata.

Wani zai ce, gidan da zan rabu da shi, don me zan zuba masa kuɗi, ga tsadar kayan gini? Tsadar gaskiya ce. Buhun siminti da bai kai Naira 5,000 ba a farkon 2023, sai da ya taɓa Naira 10,000 a wurare da yawa a 2024. Amma wannan tsadar ita ce ma dalilin gyaran. Mai saye yana shiga gida yana lissafi a zuci. Tsagar da kai ka san buhu 2 za su ɗinke ta, shi buhu 10 zai ƙiyasta, domin bai san zurfinta ba, kuma duk abin da ya ƙiyasta daga kuɗinka zai zabge shi. Ƙaramin gyara da ka yi da hannunka ya fi maka sauƙi a kan babban ragi da za a yi maka a wurin ciniki.

Sai tsafta, wadda ba ta cin komai sai ƙarfin jiki. Hancin baƙo yana riga idonsa shiga gida. Mu da muke ciki mun saba, ba ma jin warin kwata ko na makewayi ko na turken awaki, amma wanda ya shigo daga waje da shi zai fara gaisawa. Turaren wuta abu ne mai kyau, sai dai a wanke tukuna sannan a turara, domin hayaƙi a kan wari zargi yake jawowa. A fitar da tarkacen da aka jibge a zaure da bayan ɗaki shekara da shekaru: karyayyen gado, tsohuwar katifa, buhunan da ba a san abin da ke cikinsu ba, gawar keke. A bayar da na bayarwa, a kira 'yan gwangwan su kwashe na ƙarfe. Ɗakin da aka cika da kaya ƙanƙancewa yake yi a ido, tsakar gidan da aka share kuwa sai ka ga kamar an ƙara mata faɗi. A buɗe tagogi iska da haske su shiga. A sa ƙwan fitila inda ya mutu, a gyara famfon da ke ɗiga, a ɗiga mai a ƙofar da ke kuka, a sa sakata inda ta cire. A biya bashin wuta da na ruwa, a ajiye rasit. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne suke gaya wa baƙo cewa gidan nan yana da mai kula da shi. Kuma don Allah, idan akwai bishiya a tsakar gida, darbejiya ko mangwaro, kada a sare ta da sunan gyara, sai fa idan saiwarta na barazana ga gini. A rage mata rassa kawai. Wanda ya shigo ganin gida da azahar a watan Afrilu, ya tsaya a inuwarta ya sha iska, ya san abin da ya samu.

Fenti shi ne na ƙarshe, bayan bango ya bushe, kuma launi mai sanyi wanda ba zai dami kowa ba. Ko farar ƙasa aka shafa da kyau ta wadatar.

A nan kuma sai a yi hattara da wuce gona da iri. Kafin ka fasa daɓe ka shimfiɗa tayil, ko ka sauke silin ka yi na zamani, tambayi kanka: gini nake sayarwa ko wuri? Tsohon gida a bakin titi, ko a unguwar da kasuwa ta cim mata kamar wajajen Fagge da kewayen Kantin Kwari, mai sayensa galibi rushewa zai yi ya tayar da shaguna ko bene. Shi faɗin fili yake aunawa, da ko mota na shiga, da ingancin takarda. Duk abin da ka ƙawata a ciki, katafila ce za ta kwashe. Haka nan ƙaramin gida a lungu, kuɗin unguwar ne zai yanke masa daraja, ko da ka yi masa adon gidan sarki. Gyara abin da ya lalace, ka bar wa mai saye ya yi ado da son ransa.

To, idan akwai aibin da ba ka da halin gyarawa fa? Ka faɗa. Wannan ba shawara ce ta kasuwa kawai ba, hukunci ne na addini. Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake. Ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba yadda mutane za su gani, sannan ya nesanta mai algus daga al'ummarsa. Ku duba yadda wannan ya yi daidai da bangon da aka shafe da fenti. Malamanmu na Malikiyya sun kasa aibin gida kashi uku: ɗan ƙarami da ba ya rage daraja, wannan ba a komawa kansa; matsakaici, wanda mai saye zai dawo a rage masa kuɗi gwargwadonsa; da babba, irin tsagar da ake tsoron faɗuwar gini saboda ita, wanda yake ba shi damar mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Wanda ya ɓoye aibi bai tsira ba ke nan ko a nan duniya, ya dai jinkirta rigima zuwa damina.

Na ga kishiyar wannan a gidan wata gwaggota, Allah ya jiƙanta. Bayan rasuwar mijinta aka raba gado, magada suka yarda a sayar, ita kuma za ta koma wurin babban ɗanta. Tsohon gida ne, rabi ƙasa rabi siminti, ba ta da kuɗin fenti. Abin da ta yi shi ne ta sa jikoki suka share ko'ina, aka yayyafa ruwa a tsakar gida, aka wanke randuna aka jera. Da mai saye ya zo, wani malamin makaranta ne, bayan an gaisa ta kawo masa ruwa, sai ta ce, "Malam, taso in nuna maka abin da dillali ba zai nuna maka ba." Ta kai shi ɗakin ƙarshe, ta nuna masa tabon ruwa a kusurwa, ta ce nan yana yoyo idan ruwa ya zo da iska daga gabas, an gyara sau biyu bai ji ba. Ta kai shi bakin rijiya ta ce tana ja da baya sosai a ƙarshen rani, sai an haɗa da sayen ruwan 'yan garuwa kamar wata biyu. Sannan ta ɗauko wata tsohuwar jakar fata, ta zazzage takardu a kan tabarma: ta cinikin farko, ta rabon gado, da sa hannun magada duka. Mutumin nan ya daɗe yana kallon takardun, ya ɗago ya ce, "Hajiya, tun da na fara neman gida, yau ne aka fara nuna mini inda yake yoyo." An yi ragi kaɗan saboda ɗakin, ta sallama, kuma har ta bar duniya yana zuwa gaishe ta da sallah. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda aka gaya wa gaskiya ya saya da saninsa, ba shi da bakin ƙorafi, kuma yakan yarda da sauran abin da aka faɗa masa.

Kada a manta da maƙwabta. Duk mai saye mai hankali, bayan ya fita daga gidanka, zai tsaya wurin dattijon da ke zaune a dakali, ko mai shagon kan kwana, ko ya bi jam'i a masallacin layin ya yi tambaya. Abin da za su faɗa ya fi duk abin da dillali zai faɗa nauyi. Ka sanar da su da bakinka kafin su ji a gari. Idan akwai 'yar tsama tsakaninku kan kwata ko katanga, a kashe ta tun yanzu. Sau da yawa ma mai sayen yana jikin katangarka, ya daɗe yana son ya faɗaɗa, ko ya zaunar da ɗansa kusa da shi, kuma ya fi kowa sanin darajar wurin. Idan da 'yan haya a ciki, a gaya musu da wuri, a ba su wa'adin da za su nemi wani wuri cikin mutunci. Ba daidai ba ne magidanci ya dawo daga kasuwa ya tarar da baƙi suna leƙa ɗakin matarsa, sannan ya ji cewa an sa gidan a kasuwa. Ko iyalinka ne a ciki, a tsayar da lokacin zuwa gani, a sanar da matan gida su kimtsa, a yi sallama a jira izini.

Dillali kuwa, sana'a ce mai asali, kuma na kirki yana da amfani ƙwarai, shi ya san wanda ke nema da abin da aka sayar da gidan bayanku. Kuskuren da ake yi shi ne a baza gida a hannun dillalai bakwai, kowa ya ɗora nasa a kai. Mai saye ya ji kuɗi uku daban-daban a kan gida ɗaya, sai ya ɗauka akwai lauje cikin naɗi, ya janye. Zaɓi ɗaya ko biyu da aka san su da amana, ku yanke kuɗin da za a faɗa, ku yanke la'ada tun kafin a fara, a gaban shaida. Ka tambayi abin da aka sayar da gidaje irin naka a unguwar cikin 'yan watannin nan, kada ka tsaya kan abin da masu su suka nema, domin nema daban, sallamawa daban. Gidan da aka tsawwala wa kuɗi yakan daɗe a kasuwa, idan ya daɗe kuma sai a fara tambayar me ke damunsa. Hoton da za a tura ta WhatsApp ko Facebook a ɗauke shi da safe, bayan an share, babu shanya, babu fuskar kowa daga iyali, kuma kada a tura hoton takardun gida ga wanda ba a sani ba, domin da irinsu 'yan damfara suke sayar da gidan mutum yana ciki yana barci.

Kirana ga duk mai niyyar sayar da gida a bana: kafin ka kira dillali, ka ɗauko jakar takardunka ka zauna da wanda ya san su. Ka kira 'yan'uwanka mata ka ji ta bakinsu. Sannan ka ɗauki buta ka tsiyaye ruwa a tsakar gidanka, ka tsaya ka ga inda zai nufa. Idan ya nufi ɗaki, birkila za ka fara nema, mai fenti ya jira.